Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Jihar Bauchi: Ina Tarihin Zaɓukan Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa?

Zuwa ga zaɓaɓɓun wakilanmu, da masu riƙe da harkar ilimi da adana tarihi a Jihar Bauchi, da iyayenmu sarakuna.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da iyalanku, ina roƙon Allah ya yi muku jagora a kan amanar da ya ɗora muku. Iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninku, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Ni tsohon malamin makaranta ne a nan cikin garin Bauchi. Shekara talatin da biyar na yi ina riƙe da alli, mafi yawansu ina koyar da tarihi da darasin gwamnati a sakandare, kafin na ajiye aiki. Wannan takarda ba tawa ba ce ni kaɗai. Mun daɗe muna tauna maganar da abokan aikina, waɗanda suka yi ritaya da waɗanda ke aji har yanzu, a wajen ɗaurin aure, a zaman makoki, a bakin masallaci bayan la'asar, har suka ce tunda na fi su samun lokaci in rubuta a madadinmu duka. Ina kuma magana da yawun ɗalibanmu, waɗanda abin ya fi shafa, ko da yake ba su ma san an rage musu komai ba.

Abin da ya tayar da maganar shi ne ranar 15 ga Janairu, ranar juyin mulkin 1966 da ya ci ran Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta sake zagayowa ta wuce. An yi addu'o'i, an yi jawabai, an sa muryar marigayi a rediyo, waccan muryar mai daɗi da ko Turawa sai da suka sara mata. An ce mai gaskiya ne, mai tawali'u, bai tara abin duniya ba. Duk haka yake, kuma ni ma na ce amin ga addu'ar. Sunansa na kan jami'armu, da asibitin koyarwarmu, da filin wasanmu, da filin jirginmu. Hotonsa na kan takardar naira biyar. A Legas akwai babban dandali mai sunansa. Ta fuskar suna dai ba mu gaza ba. Amma na kasa kunne daga safe har dare, ban ji wanda ya faɗi yadda aka yi wannan malamin makaranta ya hau kujerar Firaministan Najeriya ba: a wace mazaɓa ya tsaya, sau nawa aka zaɓe shi, su wa suka jefa masa ƙuri'a, su wa kuma aka hana jefawa. Mutum ne da ya shekara kusan ashirin a majalisa, amma mun bar tarihin zaɓukansa yana zubewa kamar katangar da ba a yaɓe. Wannan sakacin ne ya sa na ɗauki biro.

Ƙorafinmu na farko: yaranmu ba su san ta wace ƙofa ya shiga mulki ba.

Ana saura 'yan shekaru in yi ritaya, wata ɗaliba mai kaifin basira ta ɗaga hannu a aji ta ce, "Malam, da ƙuri'a nawa Tafawa Ɓalewa ya kayar da Azikiwe ya zama shugaban ƙasa?" Ba wanda ya yi dariya, domin duk ajin haka suka ɗauka. A tambaya ɗaya akwai kuskure uku. Bai taɓa zama shugaban ƙasa ba, Firaminista ne. Bai taɓa karawa da Azikiwe a akwati ɗaya ba. Kuma ba a taɓa yin ranar da ɗan Najeriya na Inugu ko Ibadan ko Sakkwato ya shiga rumfa ya zaɓi Abubakar Tafawa Ɓalewa ba. A tsarin wancan lokaci kowace mazaɓa wakilinta take zaɓa, sai jam'iyyar da ta fi kujeru ta fitar da Firaminista daga cikin wakilanta. Waɗanda ke da hurumin jefa masa ƙuri'a kai tsaye su ne mutanen mazaɓar Bauchi ta Kudu maso Yamma, wato iyaye da kakannin wasu daga cikin yaran da ke zaune a gabana ran nan. Yarinyar ba ta da laifi. An yi sama da shekara goma babu darasin tarihi a firamare da ƙaramar sakandare a ƙasar nan, kuma da aka maido shi, abin da ɗalibi ke samu game da wannan bawan Allah bai wuce layi huɗu ko biyar ba: an haife shi a 1912, ya zama Firaminista, an kashe shi a 1966.

Alhali labarin da ke tsakanin waɗannan shekarun shi ne darasin. Bayan ya gama Kwalejin Katsina a 1933 ya dawo yana koyarwa a Midil ta Bauchi. A nan garin ne, a farkon shekarun 1940, suka riƙa zaman tattauna al'amuran ƙasa da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, mutanen da daga baya siyasa ta raba musu hanya. Da ya dawo daga karatu a Landan a 1946, shigarsa Majalisar Arewa a Kaduna ta hannun En'e ta Bauchi ce, wato hukumar mulkin gargajiya, domin a tsarin mulkin Gwamna Richards talaka ba shi da ƙuri'a. Daga Kaduna aka tura shi majalisar Ikko, wato Legas, a 1947. Kuma wannan mutumin da En'e ta tura shi ne ya miƙe a zauren Majalisar Arewa a watan Agusta na 1950 ya nemi a yi wa tsarin En'e ɗin garambawul, a ba talaka bakin magana a cikinsa. Ina ganin babu ɗan siyasar yau da bai kamata ya san wannan ba.

A zaɓen 1951 an soma jin ɗuriyar talaka, amma daga nesa. Zaɓe ne hawa-hawa: a taru a unguwa ko ƙauye a fitar da wakilai, su je gunduma su fitar da wasu, a yi ta tacewa har a kai matakin lardi, inda kuma En'e ke da damar cusa nata mutanen cikin masu zaɓen ƙarshe. Shi ya sa a Kano jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano ta yi rawar gani a matakin farko amma ta tashi a tutar babu a ƙarshe. Ta wannan hanya Sir Abubakar ya koma majalisa, ya zama Ministan Ayyuka a 1952. A zaɓen tarayya na 1954 Arewa na da kujeru 92 cikin 184, har lokacin ta hanyar wakilan zaɓe ake yi a nan, jam'iyyarsa ta NPC ta kwashe mafi yawa, shi kuma ya riƙe Ma'aikatar Sufuri. Zamansa Firaminista a 1957 ma ba a yi wani sabon zaɓe ba. Shi ne jagoran jam'iyya mafi rinjaye a Majalisar Wakilai, ko da yake shugaban jam'iyyar shi ne Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya zaɓi zama a Kaduna. Da ya karɓi kujerar sai ya jawo har 'yan jam'iyyar AG ta Awolowo cikin gwamnatinsa, domin a tunkari neman 'yanci da murya ɗaya.

Ranku ya daɗe, rashin sanin wannan yana da illa da muke gani da idonmu. Na yi shekaru ina duba takardun jarrabawar gwaji, kuma duk lokacin da aka tambayi bambancin tsarin firaminista da na shugaban ƙasa, yaran Bauchi na zubar da maki a tambayar da amsarta ke kwance a garinsu. A 2024 wasu 'yan Majalisar Wakilai sun gabatar da ƙudurin a koma tsarin firaminista. Muhawara ce da ya kamata matasan jihar nan su fi kowa bakin magana a cikinta, tunda mu muka ba ƙasar nan Firaminista ɗaya tilo da ta taɓa yi. Na saurari matasanmu a majalisun shayi da shafukan sada zumunta, mafi yawansu ba su san me ake nufi ba. Illa ta uku ta fi damuna. Yaron da aka gaya wa cewa mutumin kirki ne shi ya sa ya yi mulki, zai tashi yana zaton shugabanci kan faɗo wa nagari ne daga sama. Ba zai san akwai jam'iyya, da yawon neman ƙuri'a, da ƙawance, da sasantawa da wanda ba ka so ba. Irin wannan yaron shi ne ke zama a gida ranar zaɓe yana jiran Allah ya kawo nagari.

Ƙorafi na biyu ya shafi zaɓen 12 ga Disamba 1959, wanda shi ne ya fitar da gwamnatin da ta karɓi 'yanci.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya jefa ƙuri'a ran nan, kuma har ya rasu bai daina ba da labarin ba. Karo na farko ke nan da aka ce kowane baligi namiji a Arewa ya je da ƙafarsa ya zaɓi wakilin tarayya a asirce. Ya ce mutum zai karɓi takarda ya shiga wani ɗan ɗaki shi kaɗai, ya tarar da akwatuna a jere, kowane da alamar jam'iyyarsa: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, bishiyar kwakwa ta AG. Sai ka jefa a wanda ranka ya kwanta da shi ka fito. Ya ce har ya fito gabansa na faɗuwa, yana ganin kamar mai unguwa zai gane inda ya jefa. Shekarar ce kuma Awolowo ya riƙa sauka da jirgi mai saukar ungulu a garuruwan Arewa yana neman ƙuri'a, abin da mutane ba su taɓa gani ba. A gidanmu kuwa an rabu biyu. Baba ɗan Salama ne, wato NPC, ƙanensa tela ɗan Sawaba, wato NEPU, amma akushi ɗaya suke ci.

Sakamakon ya cancanci a rubuta shi a bangon kowane ajin darasin gwamnati. Kujeru 312 ne: Arewa 174, Gabas 73, Yamma 62, Ikko 3. NPC ta ci 134, ƙawancen NCNC ta Azikiwe da NEPU 89, AG da ƙawayenta 73, sauran 16 suka tafi ga ƙananan jam'iyyu da 'yan indifenda, waɗanda da yawansu suka koma NPC daga baya. Babu jam'iyyar da ta kai rabi, don haka sai da NPC ta haɗa kai da NCNC kafin Sir Abubakar ya kafa gwamnati. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: in aka tara ƙuri'un ƙasa baki ɗaya, NPC kimanin miliyan 2 ta samu, AG ma kusan haka, ɓangaren NCNC kuwa ya haura miliyan 2 da rabi. Wato jam'iyyar da ta fi kujeru ba ita ta fi ƙuri'u ba. 'Yan'uwanmu na Kudu sun san wannan, suna kuma jefa wa yaranmu shi a muhawara a jami'o'i da wajen bautar ƙasa, yaranmu su yi shiru ko su hau zagi, domin ba wanda ya taɓa yi musu bayani. Bayanin kuwa ba mai wuya ba ne. Kujeru an raba su ne bisa yawan jama'a, kowace mazaɓa wanda ya fi ƙuri'a ko da ɗaya ce shi ya ci, sannan a Kudu maza da mata suka yi zaɓe, a Arewa maza kaɗai.

A nan nake so in ɗan tsaya. Duk tsawon rayuwar siyasar Sir Abubakar, babu mace ɗaya a Lardin Bauchi da ta taɓa jefa masa ƙuri'a, ko ta ƙi jefa masa. Ba a ba su dama ba. Jam'iyyarsa ba ta goyi bayan a ba su ba a lokacin, NEPU ce ke wannan kira, kuma mata irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan gwagwarmayar. Sai a rabin ƙarshe na shekarun 1970 matan Arewa suka samu wannan 'yanci. Mahaifiyata ta haifi 'ya'ya bakwai kafin ta taɓa riƙe takardar ƙuri'a, a 1979. Na raka ta rumfa, na ga yadda ta yi kwalliya kamar za ta gidan suna. Yau mata ne ke cika layin zaɓe a Bauchi tun da asuba, amma 'ya'yanmu mata da ke aji ba su san cewa kakanninsu ba su da wannan dama ba, balle su san darajar abin da ke hannunsu.

Ƙorafi na uku shi ne wanda na san ba zai yi wa wasu daɗi ba. Abokan aikina biyu sun ce in cire shi. Na ƙi, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mun yi shiru da zaɓen 30 ga Disamba 1964 kamar ba a yi shi ba. Zaɓe ne da aka shiga da zuciya a ƙule. An soke ƙidayar 1962 saboda rigima, ta 1963 ta ba ƙasar mutum miliyan 55.6, Arewa na da miliyan 29.8, Gabas ta ƙi yarda. An kafa dokar ta-ɓaci a Yamma a 1962, an ɗaure Awolowo a 1963. Ƙasar Tibi na ci da wuta. Jam'iyyu suka dunƙule gida biyu: NNA, wato NPC da NNDP ta Akintola da ƙawayensu, sai UPGA, wato NCNC da AG da NEPU da UMBC ta 'yan yankin tsakiyar ƙasa. Tun kafin ranar zaɓe 'yan hamayya suka yi ta kukan cewa a mazaɓu da dama na Arewa an hana su taro, an kama magoya bayansu, an hana 'yan takararsu miƙa takardun tsayawa, har aka bayyana 'yan NPC da yawa sun ci ba hamayya. Mazaɓar shi kansa Firaminista na cikin wuraren da aka yi wannan ƙorafi. UPGA ta ce ta ƙaurace wa zaɓen. A Gabas ba a buɗe rumfuna ba sai da aka sake a watan Maris na 1965. NPC ta tashi da kujeru 162 cikin 167 na Arewa. Shugaban ƙasa Azikiwe ya yi kwanaki yana jan ƙafa wajen kiran Sir Abubakar ya kafa gwamnati, ƙasa ta tsaya cik, sai ranar 4 ga Janairu 1965 aka sasanta a kan gwamnatin da za ta haɗa kowa. Sai kuma zaɓen Jihar Yamma na 11 ga Oktoba 1965, wanda maguɗinsa ya jawo ƙone-ƙone da kashe-kashe na watanni, gwamnatin tarayya ba ta ɗauki matakin da ta ɗauka a 1962 ba. Wata uku bayan haka sojoji suka fito.

Kawuna telan nan ya kwana a gidan yari a wancan lokacin. Laifinsa, an ce ya yi taro ba izini, alhali mutum biyar ne a bakin shagonsa suna hira. Ya fito bai riƙe Sir Abubakar a zuci ba, ranar da aka ji labarin kisansa ma ya fi Baba kuka. Amma har ya bar duniya yana cewa a daina faɗin wai kowa a Bauchi ɗan fartanya ne. Sa'adu Zungur ɗan garin nan ne. 'Yan Sawaba na Bauchi da Azare da Gombe su ma 'ya'yan lardin nan ne, kuma abin da suka sha yana cikin tarihin zaɓukan da muke magana a kai.

Ra'ayina, kuma na daɗe ina juya shi: Sir Abubakar mutum ne mai tsoron Allah da tsabtar hannu, wanda ya riƙe ƙasa mai wuyar riƙo da haƙuri. Kisan da aka yi masa zalunci ne da babu wani maguɗin zaɓe da zai halatta shi. Tare da haka, shi ne shugaban gwamnati lokacin da aka yi zaɓen 1964 da na 1965, kuma wanda ke riƙe da ragama yana da kasonsa a abin da ya faru. Faɗin haka bai rage masa komai a wurina ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ɓoyewar ce ke cutar da shi, domin yaron da muka ba rabin labari zai je intanet ya tarar da ɗaya rabin daga bakin masu ƙin marigayin, an ƙara gishiri, sai ya dawo yana ganin duk abin da muka koya masa ƙarya ne. Na ga haka ta faru da ɗaliban da na koyar da hannuna. Kuma abubuwan da suka ɓata zaɓen 1964, hana abokin hamayya fili, amfani da hukuma a tsorata shi, neman a ci ba hamayya ko ta halin ƙaƙa, kowa a cikinku ya san ba su mutu tare da Jamhuriya ta Farko ba. Dubi yadda zaɓukan ƙananan hukumomi ke ƙarewa a jihohin ƙasar nan, jam'iyya mai mulki ta lashe kusan komai.

Na huɗu gajere ne amma ya fi gaggawa. Takardun suna nesa, masu labarin kuma suna tafiya. Sakamakon kowace mazaɓa, da sunayen 'yan takara, da rahotannin Razdan da Di'o na Lardin Bauchi, da tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, irin waɗannan sai mutum ya nufi Kaduna, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa ko Gidan Arewa. Malamin da ke koyarwa a Bogoro ko Dass ko Ningi da albashin da kuka sani ba zai iya wannan tafiyar ba. Takarda kuma ba ta jiran kowa, gara da danshi na aikinsu. Su kuwa mutanen, a wancan lokaci sai mai shekara 21 ke zaɓe, don haka mafi ƙanƙantar wanda ya jefa ƙuri'a a 1959 yanzu ya doshi casa'in. Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya yi aikin malamin zaɓe a shekarar, yana iya zayyana maka yadda aka ɗauko akwatuna a ka daga ƙauyuka zuwa wajen ƙirga. Na yi niyyar naɗar muryarsa bayan sallah, Allah ya karɓi abinsa cikin azumi. Har yau abin na ci mini rai.

Saboda haka, cikin girmamawa, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon gwamnatin jiha ta tura ƙaramin ayari na malaman tarihi, daga jami'o'inmu da kwalejojin ilimi, su je Kaduna su ɗauko hoton duk takardar da ta shafi zaɓukan Lardin Bauchi daga 1946 zuwa 1965, mazaɓa bayan mazaɓa, da sunan wanda ya ci da wanda ya faɗi da yawan ƙuri'un kowa. A ajiye kofe a ɗakin karatu na jiha, a kuma sa a intanet kyauta. Tunda a lokacin Gombe na cikin lardin, a gayyaci 'yan'uwanmu na can a yi aikin tare, tarihin namu ne mu duka. Kuɗin wannan aiki bai kai na taron tunawa guda ɗaya ba.

Muna roƙon a fitar da ɗan littafi da Hausa da Turanci, wanda bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba, mai ɗauke da zaɓukan da marigayi ya shiga ɗaya bayan ɗaya, da taswirar mazaɓarsa, da bayanin yadda ake zaɓe a kowane zamani. A raba wa makarantun gwamnati da masu zaman kansu da na Islamiyya, a kuma tara malamai a yi musu bita a kansa. Sharaɗinmu ɗaya ne: a sa 1964 a ciki kamar yadda za a sa 1959, a sa NEPU da UMBC, a sa maganar mata. In za a cire waɗannan, gara a bar kuɗin a aljihun gwamnati. Masu rubutun kuma a bar su su yi aikinsu, kada wani ɗan siyasa ya duba kafin a buga.

Muna roƙon a yi magana da masu kula da kabarinsa a ware bango ɗaya domin wannan tarihi. Na sha kai ɗalibai ziyara can. Sukan dawo jikinsu a sanyaye, suna maganar kayayyakinsa da sauƙin rayuwarsa, kuma hakan alheri ne. Muna so su dawo da ƙarin abu ɗaya, su ga alamar fartanya da tauraro, su ga alƙaluman 1959, su gane cewa mutanen ƙauyukansu ne suka tura shi Ikko.

Iyayenmu sarakuna, Allah ya ba ku nasara, ku ne kuka san inda dattawan suke. Muna roƙon ku umarci hakimai da dagatai, musamman na Tafawa Ɓalewa da Bogoro da Dass da kewayen Bauchi, su tattaro sunayen duk wanda ya yi zaɓe ko aikin zaɓe a 1959 ko 1964, Musulmi da Kirista, ɗan kowace jam'iyya, da tsofaffin matan da suka ga abin daga cikin gida. Gidajen rediyonmu su bi su da na'ura kafin damina ta sake zagayowa. In akwai tsofaffin takardu a fada, a bari masana su duba.

Ku kuma zaɓaɓɓun wakilanmu, musamman wanda ke zaune a kujerar da ta gaji mazaɓarsa, muna roƙon ku ɗauki nauyin lacca ta shekara-shekara a ranar 12 ga Disamba, ranar da talakan Arewa ya fara jefa ƙuri'ar tarayya da hannunsa. A yi ta da Hausa, a zauren da ɗalibai za su iya shiga su yi tambaya, a kuma riƙa gayyatar masana daga Kudu su faɗi yadda su suke kallon zaɓukan.

Mu a namu ɓangaren ba mu zo hannu rabbana ba. Akwai malamai masu ritaya da suka ce za su yi aikin tattara labarai da fassara ba tare da an biya su ba, in dai za a ba su mota da na'urar naɗar murya. A hannuna akwai sunayen dattawa huɗu da suka yi zaɓen 1959, biyu a cikin gari, biyu a hanyar Dass, duk da hankalinsu garau. Ɗaya daga cikinsu ya kwanta asibiti sau biyu a bana. Duk ofishin da ya shirya, ya sanar ta gidan rediyo, za mu zo da kanmu mu kai shi ƙofar gidajensu.

Allah ya jiƙan Sir Abubakar da rahama, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya.

Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Tsohon malamin tarihi, a madadin abokan aikinsa,
Bauchi.